Saiwar da Badamasi Ya Dafa

Yammacin da abin ya fara bai bambanta da sauran yammaci ba. Rana ta yi ja a bayan gidajen unguwar, hayaƙin girki ya kwanta a kan katangu, ƙarar babura tana raguwa a bakin titi. Badamasi, malamin gona ne a Haɗeja, ya dawo daga aiki ya tuɓe takalmi, ko ruwa bai nema ba ya wuce falo wajen kifayensa.

Akwatin gilashi ne dogo, a kan teburin ƙarfe da ya sa aka ƙera masa. Ya shimfiɗa wankakken yashi a ƙasa, ya dasa tsirran ruwa kore shar, ƙananan kifaye ja da shuɗi suna yawo a garke tsakanin ganyaye. Ɗan injin iska da ke aiki da sola yana ta fitar da kumfa a kusurwa. A garin da ake shanya kifi a kan tabarma, mutane sun daɗe suna yi masa dariya, wai yana kiwon kifin da ko cokali ba zai cika ba. Bai taɓa tanka musu ba.

Waɗanda ya fi ƙauna su ne wasu guda biyu, mace da namiji, dangin tarwaɗa ne na ƙasar waje da ya sayo a Kano. Ba su wuce tsawon yatsa ba, baƙaƙe ne masu ɗigon fari, bakinsu a ƙasa yake, da shi suke manne wa gilashi suna kankare gansakuka. Namijin yana da tsiro-tsiro a hanci kamar gashin bakin da ba a taje ba, shi ya sa 'yarsa Shamsiyya ta raɗa masa Buzu-buzu. Irin kifin nan ba ya lafiya sai da itacen da zai riƙa gaigaya, da kogon da zai ɓuya da rana. Saboda haka, wata rana da aiki ya kai Badamasi fadamar Guri lokacin da ruwa ya janye, ya hango wata tsohuwar saiwar giyayya a gefen wani gurbi, baƙa wuluk, mai kogo a tsakiya. Ya naɗe wando ya shiga taɓo ya ciro ta. Da ya kawo ta gida ya jefa ta a babbar tukunya don zafi ya kashe ƙwayoyin cuta. Shamsiyya, wadda ke shekarar ƙarshe a sakandare, ita ya sa ta hura wutar, ita ta yi ta iza itace har ruwan ya koma ja kamar shayi.

A yammacin nan ya yanko ɗan kokwamba, ya soke shi da cokali don ya nutse, ya saka a ruwa. Ya tsuguna yana jiran Buzu-buzu ya fito, don sai duhu ya fara yake fitowa. Ladan ya buɗe baki ke nan sai wani abu ya faɗo a kan kwanon rufi, tim.

Badamasi ya ɗaga kai. Na biyu ya faɗo. Na uku ya tarwatse a tsakar gida, dab da murhun da matarsa Zainaba take tuƙa tuwo.

"Innalillahi! Wane ɗan rashin kunya ne wannan?" in ji Zainaba.

Ba dutse ba ne. Curin laka ne baƙi, jiƙe sharkaf, da ɓawon katantanwa a ciki, yana warin ruɓaɓɓen ganye irin na bakin kogi. Alhali an kwana biyu ko yayyafi ba a yi ba.

Badamasi ya fita ƙofar gida a fusace. Lungun babu kowa, duk an tafi masallaci. Bayan sallah ya tsare maƙwabcinsa Sunusi a gaban jama'a, ya ce ya ja wa 'ya'yansa kunne. Sunusi ya ce 'ya'yansa suna gabansa a sahu, in yana neman wanda zai ɗora wa laifi ya nemi wani. Maganganu suka yi zafi, sai da liman ya shiga tsakani. Tun daga ranar gaisuwa ta yanke tsakanin gidajen biyu.

Jifan bai tsaya ba. Kullum da rana ta faɗi sai ya dawo, ya yi ta sauka har a idar da sallar magariba, sannan ya ɗauke ɗif. Samari suka hau katanga da tocila, suka zagaye gidan, ba su ga hannun kowa ba. Wani ma ya rantse cewa curin ba daga waje yake zuwa ba, daga sama yake faɗowa a miƙe. Matan unguwa suka daina aiko yara ɗiban wuta. In Zainaba ta fita, sai hira ta mutu a bakin ƙofofi har ta wuce.

Sannan kifaye suka fara mutuwa. Da safe Badamasi yakan tarar da ja ɗaya ko shuɗi biyu suna yawo a saman ruwa, ciki a sama, jikinsu ya yi fari fat kamar an dafa su. Ya sauya ruwa, ya wanke soson injin, ya rage abinci. Ganyaye suka fara narkewa suna saɓulewa daga jijiya. Kifayen nan biyu masu manne wa gilashi ne kaɗai abin bai taɓa ba. Buzu-buzu ma ya shige kogon saiwar ya ƙi fitowa. Da Badamasi ya haska tocila ciki, sai ya ga curin ƙwai ruwan lemo manne a jikin itacen, namijin ya kwanta a kai yana yi musu fifita da fikafikansa. Duk da halin da gidan yake ciki, sai da zuciyarsa ta yi fari. Ya daɗe yana jiran ganin wannan.

Zainaba ce ta fara jin muryar. Ta shiga falo kunna fitila gab da magariba, sai ta fito da baya da baya, tana laluben bango.

"Baban Shamsiyya, akwai mai magana a ɗakin nan."

"Injin iska ne."

"Injin iska yana tambaya? Cewa yake yi, wa ya hura wutar. Da kunnena na ji. Kamar mutum yana magana da ruwa a bakinsa."

Ya shiga ya tsaya. Babu komai sai ƙarar kumfa, da duhu da yake taruwa a kusurwoyi. Amma falon ya yi sanyi, irin sanyin da yake tasowa daga fadama, kuma warin nan yana nan.

"Ka fitar da itacen nan daga gidana," in ji Zainaba. "Tun da ya shigo ba mu ga daidai ba."

"Akwai ƙwai a ciki. Ki bari su ƙyanƙyashe."

Ta dube shi kamar yau ta fara ganinsa. A daren ta kwashe shimfiɗarta ta koma ɗakin 'yarta.

Shamsiyya yarinya ce mai surutu da dariya, amma a kwanakin nan ta yi shiru. Ta fara cewa fatarta tana mata zafi. Ta daina zuwa kusa da murhu, ko ashana aka ƙyasta sai ta zabura. Takan shiga banɗaki ta yi ta kwara ruwa har randa ta ƙare, ta fito tana cewa har yanzu tana ƙuna. An kai ta asibiti, an auna jini, ba a ga komai ba. Badamasi ya ce zullumin jarrabawa ne.

Wata ranar Laraba ya dawo daga masallacin magariba ya tarar da gidan tsit, ranar ko curi ɗaya bai faɗo ba. Wannan shirun ya fi jifan tsoratar da shi. Ya ɗaga labulen falo. Shamsiyya tana durƙushe a gaban gilashin, babu ɗankwali, kayanta a jiƙe, ta manna buɗaɗɗen bakinta a jikin gilashin tana jan shi sannu a hankali daga ƙasa zuwa sama, daidai yadda kifin yake yi.

"Shamsiyya."

Ta juyo. Idanunta a buɗe suke, amma ba ita ce a cikinsu ba. Muryar da ta fito kakkaura ce, mai gurgura, kamar daga ƙasan rijiya.

"Ga mai tukunya ya dawo."

Ya kama kafaɗarta. Ta bankaɗe shi da hannu ɗaya, shi da yake ɗaukar buhun taki shi kaɗai, ya je ya bugu da bango. Zainaba ta shigo a guje ta rungume 'yarta ta baya tana salati. Da ƙyar suka kwantar da ita. Tun daga lokacin ba ta ci ba, ba ta yi barci ba, sai dai ta riƙa neman hanyar falo.

Zainaba ba ta nemi izininsa ba. Ta buga wa yayanta waya a garin Malam Madori, shi kuwa ya ce zai turo Malam Zarami.

Washegari bayan la'asar malamin ya iso a bayan babur. Tsoho ne siriri mai tsagen Barebari, Hausarsa ma tana ɗan karkata zuwa can. Babu abin da ya riƙo sai carbi da gorar ruwa. Ya zauna a tsakar gida ya saurari Zainaba har ta gama, sannan ya juya ga Badamasi.

"Itacen, ina ka samo shi?"

Badamasi ya faɗa masa.

"Me ka yi masa da ka kawo?"

"Dafawa na yi, Allah gafarta Malam. Haka ake yi, don kada ya kawo wa kifi cuta."

Malamin ya ja carbinsa. Ya ce a jira a yi sallah.

Bayan magariba aka shimfiɗa tabarma a falo, aka zaunar da Shamsiyya, uwarta na riƙe da ita. Fitila ɗaya ce a kunne. Malam Zarami ya zauna kusa da kanta ya fara karanta ayoyin tsari da murya ƙasa-ƙasa, ba ya sauri, ba ya ɗaga murya. Can sai jifa ya ɓarke a kan rufi, wanda ba a taɓa yin irinsa ba, kamar ana juye tifa. Ruwan gilashin ya fara kaɗawa shi kaɗai yana fantsalowa ƙasa. Malamin bai ko waiga ba. Jikin yarinyar ya sandare, wuyanta ya lanƙwashe baya, ta saki wani gurnani.

"Ya isa, tsoho. Kana ƙona ni a kan ƙuna."

"Wane ne kai?"

"Sunana ba naka ba ne. Tun kafin a kafa Guri ina cikin saiwar nan."

"Me ya kawo ka jikin baiwar Allah?"

"Kawo ni aka yi. Wancan ya ciro gidana, ko sallama babu. Na yi shiru. Ya ɗaure ni a bayan babur, na yi shiru. Sannan ya sa mu a tukunya." Muryar ta tsaya, numfashi yana fita da ƙyar. "Ni na fita da rabin jiki. Ƙaramin ɗana yana barci a cikin kogon. Bai fito ba."

Badamasi ya jingina da bango.

"Wannan hannun ne ya iza wutar," muryar ta ci gaba, hannun Shamsiyya ya ɗago. "Ɗa aka ɗauka mini, ɗa zan ɗauka. Zan tafi da ita ruwa."

"Ba za ka tafi da ita ko'ina ba," in ji Malam Zarami. "Ku kuna ganinmu, mu ba ma ganinku. Ba ta san kana ciki ba, ubanta ma bai sani ba. Abin da ya same ka mai ciwo ne, ban ce ba ciwo ba. Amma kai da saninka kake yi. Wannan zalunci ne, kuma akwai Wanda zai tambaye ka."

Ya koma karatu. Yarinyar ta yi ta murɗewa, Zainaba tana kuka ba sauti, amma ba ta sake ta ba.

"Tsaya! To a yanka mini baƙin bunsuru a bakin gurbin."

"Ko kaza ba za a yanka maka ba. Ba a yanka don kowa sai Allah."

Jifan ya tsaya. Da muryar ta dawo, ta yi laushi, kuma ba malamin take wa magana ba. Idanun yarinyar suka juya suka sauka a kan ubanta.

"Kai, mai tukunya. Da kai nake. Ciyawar kacala ta cinye gurbina, ruwan ya ruɓe, ko iska ba ta shiga. Nan kuwa ruwa garau, ga haske, ga sanyi. Ka bar ni a cikin gilashin. Zan saki 'yarka yanzu. Ganyenka zai tofo, kifinka ba zai ƙara mutuwa ba. Ƙwan nan duk za su fashe, za ka ga 'ya'yan suna bin gilashi kamar tururuwa. Ba na neman komai. Magariba kawai, ta riƙa zuwa tana zama kusa da ni kaɗan."

Badamasi ya dubi gilashin. A bakin kogon yana iya hango wutsiyar Buzu-buzu tana motsi. Shekarun da ya yi yana haɗa abin nan suka faɗo masa, da dariyar mutane, da cewa wannan ne wuri ɗaya a duniya da yake zama hankalinsa ya kwanta. Ya san amsar da ta kamata. Tana bakinsa. Amma sai ya ji kansa yana cewa, "Malam, in da za a mayar da gilashin can shagon waje, a kulle..."

"A'a!" Zainaba ta daka tsawar da ta sa har malamin ya ɗago. "Wallahi a'a! Ko minti ɗaya 'yata ba za ta zauna kusa da kai ba. Ka fita daga jikinta, ka fita daga gidan nan, kai da itacenka!"

Malam Zarami ya yi wa Badamasi kallo ɗaya, gajere, sannan ya mayar da fuskarsa ga yarinyar.

"Ka ji amsar gidan. Ba a zaman haya da irinku. Gobe za a mayar da saiwarka inda aka ciro ta, wanda ya ciro ta shi zai mayar da ita da hannunsa. Wannan haƙƙinka ne. Bayan shi ba ka da komai a nan."

"Da abin da yake cikinta. Baƙon kifin nan ya ci gidana, kullum yana gaigayar bangona. Shi da ƙwansa nawa ne."

"Ɗauki. Kifi ne," in ji malamin.

"Kacalar fa?"

"Zai sare maka ita daga bakin gurbin. Yanzu ka yi alkawari da sunan Wanda ya halicce ka cewa ba za ka dawo ba, ba gare ta ba, ba ga kowa na gidan nan ba."

Sai da aka ƙara karatu mai tsawo kafin ya yi alkawarin, yana yi yana tsinuwa. Malamin ya ce ya fita ta ƙaramin yatsan ƙafar hagu. Ƙafar ta yi rawa, ta miƙe, yatsan ya lanƙwashe. Shamsiyya ta yi atishawa mai ƙarfi, jikinta ya saki a kan cinyar uwarta. Ruwan gilashin ya kwanta. A waje aka ji kiran sallar isha'i, kamar daga wata duniya.

Da sassafe Badamasi ya ciro saiwar ya sa a bokiti da ruwa. Namijin bai fito ba, ya ƙanƙame ƙwansa. Malam Zarami ya raka shi Guri. Ruwa ya dawo ya shafe hanyar, sai da suka shiga kwalekwale. A bakin gurbin Badamasi ya shiga ruwa har ƙirji da adda, ya yi ta saran kacala, ganyenta yana yanka masa hannu, malamin yana zaune a kwalekwale bai ce masa sannu ba. Da wurin ya buɗe, ya yi bismillah ya saki saiwar. Ta nutse a hankali, ruwan ya rufe. Macen da ta rage, da gilashin, da injin, ya ba wani abokin aikinsa a ranar.

Jifa bai sake sauka ba. Shamsiyya ta fara cin abinci, fatarta ta daina zafi, ta koma makaranta. Sunusi da kansa ya zo yi musu barka. Zainaba ta mayar da shimfiɗarta, ko da yake maganarta da mijinta ba ta wuce ta cefane ba. Badamasi ya ɗauka lokaci ne zai gyara sauran.

Wata rana da yamma Shamsiyya ta kawo masa tuwo, ta durƙusa ta ajiye, ta miƙe za ta fita. Ya lura tun da ta warke ba ta zauna inda yake ba.

"Zauna mana, mu ci tare kamar da."

Ta tsaya a bakin ƙofa, hannunta riƙe da labule, kanta a ƙasa.

"Baba, ina ji fa."

"Kina jin me?"

"Ranar nan. Ban iya motsa bakina ba, amma duk abin da aka faɗa ina ji. Da ya ce a bar shi in riƙa zama kusa da shi, ina ta kiranka daga ciki. Na ce yanzu Baba zai ce a'a." Ta ɗago ta dube shi, idanunta a bushe. "Umma ce ta ce."

Ya ture kwanon tuwon gefe.

"Na roƙi Umma, in na gama jarrabawa zan koma wajen Kawu a Malam Madori. Ta ce in tambaye ka."

Ta jira. Shi kuwa ya san cewa wannan karon ma amsa take jira, kuma kowace ya bayar ta riga ta makara.

"Allah ya kai mu," in ji shi.

"Amin, Baba."

Ta saki labulen ta fita.